Dokar Da Ta Yi Wa Miyagu Jari

'Yan'uwa ɗalibai, ba giya muke karewa ba, kowa ya san ɓarnarta. Amma mu da za mu riƙe ofisoshi gobe, ya kamata mu dubi Amurka. A 1920 aka hana yin giya da sayar da ita, alhali mashaya suna nan da ƙishinsu. Sai cinikin ya faɗa hannun 'yan fasa-ƙwauri. A Shikago, Al Capone ya tara dukiya har ya saye 'yan sanda da ma'aikata, kuma a ganinmu nan ne dokar ta mutu. Abin kunya, a 1931 ƙin biyan haraji kaɗai aka tabbatar masa. Da aka soke dokar a 1933, ƙungiyoyin miyagun sun riga sun kafu, sai suka koma caca.