Panda Na Can, Tabkinmu Na Nan

Duk wanda ya je birnin Chengdu na ƙasar Sin, da wuya ya dawo ba a kai shi wurare biyu ba. Da safe gidan renon panda, dabbar nan mai baƙi da fari da ke wuni tana cin gora. Da dare kuma gidan wasan gargajiyar Sichuan, inda ɗan wasa ke sauya fuskar da ya ɗaura kafin ka ƙifta ido. Yanzu bidiyon su ya cika wayoyin yaranmu, har 'yan ajina sun san panda sarai.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu kallon. Ku duba bidiyon da kyau, yawancin masu bin layin nan 'yan ƙasar ne da 'ya'yansu, ba baƙi ba. An buɗe gidan renon a 1987 da panda shida kacal, kuma a 2016 aka sauke dabbar daga sahun waɗanda ke gab da ƙarewa.

Mu ma muna da irin wannan labari. A 1996 raƙuman dawa 49 suka rage a Nijar, yau sun haura 600. A 2018 an kwaso wasu daga yankin Kure zuwa gandun Gadabeji, a jiharmu ta Maradi. Amma kallonsu mun bar wa Turawa, shi ya sa tun harin Kure na Agustan 2020 wurin ya yi tsit.

A nan Madarumfa ga tabki a bakin ƙofa, da tsuntsayen da ke sauka da sanyi, ga kushewun waliyyai 99 da ake zuwa ziyara har daga Nijeriya. Yaro nawa aka taɓa kai wa bakin ruwan da littafi a hannu, masunci ya gaya masa sunayen kifi? Giwayen da ke shigowa dajin Baban Rafi sun daina zuwa, itacen kuwa kullum sai lodi ake yi zuwa murahun Maradi. Wanda bai taɓa shiga dajin ba, me zai sa ya ji zafin saransa?

Batun wasa ma haka. Muna da tashe, da 'yan kama, da wasan kara na Damagaram inda talaka ke kwaikwayon gwamna a gaban gwamna. Ba su gaza na Sichuan hikima ba, mazauni ne kawai ba mu yi masu ba.

Na san za a ce babu kuɗi, ga matsalar tsaro ta bakin iyaka. Gaskiya ne, Baban Rafi ba wurin kai yara ba ne a yanzu. Amma tabkin fa? Daga makarantun cikin gari da ƙafa ake zuwa. Safiya guda a kowane zango ta isa, in daraktoci da iyayen yara sun yarda.