Manhajar Abinci Ta Fara Daga Ludayi

Daga Kwanar Ɗangora har Tudun Wada, samari da dama sun mai da teburin mai shayi madafarsu, kullum Indomie da ƙwai. Illar tana cikin gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada ya kai giram 5 a yini, domin yawansa kan jawo hawan jini.

Saboda haka, mai ƙera manhajar waya don gyaran cimarsu ya kamata ya sa ta yi magana da Hausa, ta riƙa awo da gwangwani da ludayi. Ta koyar da dambun masarar Doguwa da zogale, da miyar kifin Tiga, ta faɗi kuɗin kowane kwano. Saurayi ba zai hura wuta ba sai ya tabbata girki ya fi saye araha.