Filin Direbobi: Injin Wankel ko na fistan?

A 1991 motar Mazda 787B ta lashe tseren awa 24 na Le Mans, a ƙasar Faransa, da injin da ba shi da fistan. Bajamushen nan Felix Wankel ya ƙago shi: wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa cikin gidansa, maimakon fistan mai hawa da sauka. Ƙarami ne, marar nauyi, ga gudu.

Amma direban da ke jigilar fasinja daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa, lissafinsa dabam ne. Injin Wankel na da shan esansi, yana ƙona baƙin mai, kusurwoyinsa kuma na saurin cinyewa. Ga shi tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023, kwalbar bakin hanya ta ƙara tsada. Kamfanin Citroën ma ya gwada injin a 1973, ya daina, don kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Injin fistan kuwa, irin na Peugeot 504, kowane bakanike ya san cikinsa, kayan gyaransa na nan kasuwa. Mai neman abincin iyali ba ya sayen motar da za ta kwana a gareji.