Kiri-kiri: Rigar da Filin Makaranta Ke Bukata

A yawancin makarantunmu an ɗauki fili fetal, wanda aka share aka ƙanƙare ba ko tsinke, a matsayin alamar tsabta. Da zarar ciyawa ta ɓullo sai a tura ɗalibai da fartanya su kafce ta har saiwa. A nawa ra'ayi wannan kuskure ne, domin ƙasar da aka tuɓe wa riga ba ta daɗewa a inda take.

Dalili kuwa shi ne, babban ɗigon ruwan sama yana iya faɗowa da gudun da ya kai mita 9 a daƙiƙa guda. Idan ya dira a kan tsirarar ƙasa sai ya wargaza ƙwayoyinta, ya toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi ya nutse. Daga nan ruwan ya malale da ƙasar sama, wadda samuwar santimita ɗaya nata kan ɗauki ɗaruruwan shekaru. Haka kwazazzabo ke somawa, har ya ci gindin ajujuwa. Abin da damina ta rage kuma, iskar hunturu ta kwashe shi ta watsa wa yara a ido da huhu.

Maganin yana nan a bakin fadamunmu, wato ciyawar kiri-kiri, wadda masana ke kira Cynodon dactylon tun shekarar 1805. Ita ce Amurkawa ke kira ciyawar Bamuda, suke shimfiɗa ta a filayen wasa. Ba ta tashi sama sosai, yaɗo take yi. Tana miƙa rassa a bisa ƙasa, kowace gaɓa ta kafa saiwa, sa'an nan tana da wasu rassan a ƙarƙashi inda take ajiye abinci. Saboda haka idan rani ya tsananta sai ta bushe kamar ta mutu, amma da ruwan farko ta sake tohowa.

Dasa ta ba wuya. A jira damina ta kankama, wajen watan Yuni ko Yuli. A sassauta ƙasa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gida. A yanko rassa masu gaɓa uku ko huɗu, a binne su da tazarar santimita 20 zuwa 30, a bar kansu a waje. Idan ruwa ya ɗauke a makonni biyu na farko, a yi ban-ruwa, a kuma hana takawa da kiwo har ta rufe ƙasa. Bayan haka a riƙa sare ta da langalanga, tsawonta ya tsaya tsakanin santimita 3 da 5, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a sara guda.

Masu suka za su ce ciyawa maɓoyar macizai ce. Gaskiya ne game da duhuwar da aka ƙyale, amma shimfiɗar da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba ba ta ɓoye maciji. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta manoma, waɗanda suka san kiri-kiri da naci a gona. Don haka wajibi ne a yi mata iyaka da bulo ko ɗan rami, a nisanta ta daga lambun makaranta. Bugu da ƙari ba ta son inuwa, saboda haka dasa ta a ƙarƙashin darbejiya ɓata ƙarfi ne.

Ina kira ga malaman kimiyya su gwada da kansu. A keɓe kwali biyu masu gangara iri ɗaya, ɗaya da kiri-kiri, ɗaya tsirara, a binne bokiti a ƙasan kowanne. Bayan ruwan sama, ɗalibai su kwatanta lakar da ta taru a ciki. Shugaban makarantar da ya ga bokitan nan biyu zai sake tunani kafin ya ba da umurnin kafce fili.