Sautin da Ba a Adana Ba, Asara Ce

Duk wanda ya saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan ƙasar Bakura da ya shahara a fadar Sarkin Ƙayan Maradun, yakan gane kotsonsa kafin ya buɗe baki. Wannan amo gado ne da yaran makaɗi suka riƙe a kunne da tafin hannu, shi ya sa bai bi shi kabari ba a 1991. Yau kuwa, matashin da ke haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a Talata Mafara yakan kwana yana murza amsa-kuwwa, yana rage kaifin kalangu har murya ta zauna daram, amma ya kashe kwamfuta bai adana saitin ba. Ranar da wuta ta ƙona na'urar, ko mawaƙi ya dawo neman gyaran baiti ɗaya, sai a koma lalube.

Maganin ba ya cin kuɗi. Kowane saiti a ba shi suna mai ma'ana, da sunan mawaƙi da kwanan wata, a kwafe shi a filashi da kuma intanet. Wasu za su ce hakan zai sa waƙoƙi su zama iri ɗaya. Ai abin da ke jawo haka shi ne dogaro da saitin da kamfanin manhajar ya zubo wa duniya baki ɗaya. Wanda ya adana nasa yana da tushen da zai ɗora sabo a kai, kamar yadda 'ya'yan Ɗanƙwairo suka ci gaba da kotson gidansu.