Kufan Kan Duwatsu da Haƙƙinsu a Kanmu

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Atiku da la'asar sakaliya, ya kasa kunne ga hirar dattawa a kan tarihin wannan birni, zai tarar kusan kowane zance daga shekarar 1809 yake tasowa, lokacin da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa. In an ja baya ƙwarai a ambaci Degel da Gudu da Alƙalawa, ko a taɓo Kanta da birninsa na Surame mai ganuwar duwatsu, daga nan kuma sai bakin kowa ya mutu, sai ka ce kafin wannan zamani babu mahaluƙi a ƙasar sai namun dawa. Ba na ganin laifin dattawan, domin abin da malamai suka rubuta shi suka karanta, abin da kakanni suka ruwaito shi suka riƙe. Abin da ke damuna shi ne, akwai al'ummomin da suka riga alƙalami zuwa ƙasar nan, suka zauna a kan duwatsu da tuddai, suka yi noma da ƙira da ginin tukwane, suka shuɗe ba su bar mana ko harafi ɗaya ba face abin da ƙasa ta rufe, ga shi kuwa ana tone wannan ɗin ana sayarwa muna kallo.

Wanda ya bi hanyar Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi, wanda mutanen garin suka zauna a kansa da gindinsa tun zamani mai nisa, kamar yadda aka zauna a Dala ta Kano da Kufena ta Zariya da Turunku, saboda dutse yana ba mutum mafaka daga mahara, yana kuma riƙe masa ruwa a ƙoramunsa. Daga wannan yanki, a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, wasu mutum-mutumi na gasasshen yumɓu suka fara bayyana a kasuwannin Turai, masu gira mai nauyi da ta sauko a kan ido, da yawansu da gemu, waɗanda masana ke ɗorawa a zamani ɗaya da irinsu da aka tono a Nok, wato fiye da shekara 2,000 da suka gabata. Da yake Zamfara, inda dutsen yake, tana cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, sai dillalan Turai suka laƙaba musu sunan Sakkwato, da wannan suna kuma ake cinikinsu har yau. Masu haƙa ne suka tono su a ɓoye da diga da shebur, 'yan kamasho suka saya da kuɗi kaɗan, aka tsallaka da su iyaka, har abin ya kai ga Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin waɗanda ta yi gargaɗi a kan sayensu a shekarar 2000. A wannan shekarar ce gidan tarihi na Louvre da ke Faris ya baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, aka yi ta ce-ce-ku-ce, kafin a daidaita a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, amma za su zauna a Faransa aro na shekara 25. Mutumin Faris yana iya biyan kuɗin shiga ya ga abin da ake kira da sunan garinmu, ɗalibin da ya tashi a Ƙofar Atiku kuwa bai taɓa jin labarinsa ba.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, don an sha faɗa mini: gumakan jahiliyya ne, in Turawa sun kwashe sun rage mana kaya. Niyyar mai wannan magana kyakkyawa ce, kishin tauhidi ne ya sa shi, ni ma ba na kira ga a girmama gunki, Allah Ya tsare. Sai dai Alƙur'ani mai girma ya umarce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, ba kuwa a yin i'itibari da abin da aka shafe alamarsa. Shi kansa Sarkin Musulmi Bello, a cikin Infaƙul Maisuri, bai ƙyamaci tattara labaran ƙasashen Hausa da Barno da sarakunansu na kafin jihadi ba, saboda ya san wanda bai san daga inda jama'arsa ta fito ba, ba zai san girman ni'imar da aka yi mata ba.

Akwai kuma wata hasara da ta fi ta mutum-mutumin kansa, wadda almajirin hadisi zai fi kowa saurin ganewa. A wurin malaman hadisi, matani komai daɗinsa, in ba shi da isnadi, ba a kafa hujja da shi, domin ba a san wanda ya ji daga wa ba. To, haka abin da aka tono daga kufai yake: isnadinsa shi ne zurfin da aka same shi, da launin ƙasar da ta rufe shi, da gawayin da ke gefensa wanda ake aunawa a san shekarunsa, da tsingaro da dutsen niƙa da ƙwayar hatsin da ta ƙone a murhu. Mai haƙan dare yana watsar da wannan duka ya ɗauki kai ɗaya da zai yi kuɗi, ya bar rami, kuma kufan da aka birkita sau ɗaya babu mai iya mayar da shi yadda yake har abada, ko da an dawo da kan daga Faris a cikin akwatin zinariya.

A dubi abin da haƙa na ilimi ya haifar inda aka yi shi. A gindin Dala an sami wurin narka tama, aka auna gawayinsa ya nuna wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, wato maƙera suna aiki a Kano shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda da littafin tarihin Kano ya fara lissafin sarakuna da shi. A Nok, 'yan kuza ne suka fara cin karo da irin waɗannan kayan a 1928, har wani ya kafa kai ɗaya a gonar doya don korar tsuntsaye kafin wani masani mai suna Bernard Fagg ya gane darajarsa. Amma sai da masana daga Jami'ar Goethe ta Jamus, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka duƙufa tun daga 2005 suna tankaɗe ƙasa a hankali, sannan aka tabbatar cewa mutanen sun fara zama a wurin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, gero da wake ne cimarsu, har an sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Geron da muke damawa fura a Sakkwato ke nan, wanda aka ci shekara 3,000 da ɗoriya ana shukawa a ƙasar nan. Masanan ma sun tarar mafi yawan kufan da suka je an riga an yi musu ɓarna, kuma aikin bai tafi ba tare da jini ba: a watan Fabrairu na 2017 aka sace biyu daga cikinsu a Janjala ta ƙasar Kagarko, mutum biyu na ƙauyen suka rasa rayukansu wajen bin sawun masu garkuwar, Allah Ya jiƙansu.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana haƙa kufai ba da izini ba, ta hana fitar da kayansa waje, amma doka tana Abuja, dutse yana ƙauye, wanda ke iya tsare shi kuwa shi ne hakimi da dagaci da limamin da jama'a ke jin maganarsa. Saboda haka ina roƙon Majalisar Sarkin Musulmi da sarakunan Zamfara da Kabi su sa kowane dagaci ya kawo sunayen kufai da duwatsun da ke ƙasarsa, a rubuta, a ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Ina roƙon Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tura 'ya'yanmu su koyi wannan fanni a Zariya, inda aka daɗe ana karantar da shi, domin ranar da Allah Ya kawo lafiyar hanya a sami namu da za su hau Kwatarkwashi da ma'auni da littafi. Kai kuma ɗan'uwa manomi, in garmarka ta tono tukunya ko kan yumɓu, ka bar shi inda yake, ka rufe shi da ƙasa, ka sanar da mai gari kafin labari ya kai kunnen dillali.