Kumburin Ƙafar da Muke Kira Jifa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wata cuta da ke cin ƙafafun manoma da makiyaya, amma ko sunanta ba mu sani ba.

Kawuna manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Zango, a masarautar Daura. Ƙaya ta soke shi a gona, ya cire, ya ci gaba da aikinsa. Bayan watanni tafin ƙafar ya tasa, ba zafi ba raɗaɗi. A hankali wurin ya huhhuje, yana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar gero. Aka ce jifa ne, aka ce ya taka sawun miyagu. Shekara huɗu ana turare da rubutun sha. Ranar da muka kai shi wurin likita, cutar ta riga ta cinye ƙashi, sai yankewa. Har yau abin na damuna, domin da mun je da wuri, da yana nan da ƙafarsa.

Likitoci na kiranta maisitoma. Ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, wani lokaci kuma bakteriya, da ke zaune cikin ƙasa, ƙaya ta kai ta cikin nama. Ta fi yawa a busassun ƙasashe irin su Sudan, Cadi, Nijar da Senegal, masu yanayi da itatuwan ƙaya irin namu na Baure da Mai'adua. Sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, alhali Jami'ar Khartoum ta buɗe mata cibiyar bincike tun 1991. Tana da magani, sai dai ana shan sa watanni da yawa, wani lokaci har da tiyata.

Ba ita kaɗai muke wa sakaci ba: ga kuma makero a kan yaranmu, musamman almajirai da ake yi wa aski da aska ɗaya. Mun saba ganinsa har mun daina ɗaukarsa ciwo. Man shafawa kaɗai ba ya kashe na kai, sai an haɗa da ƙwayoyin sha na makonni.

Najeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa aka shigar da cutar noma, mai cin fuskar yara, cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2023. Ashe idan muka so, muna iyawa. Ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina ta koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane kumburin maisitoma tun yana ƙarami. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Daura ya umarci hakimai da dagatai da limamai su faɗakar da jama'a.

'Yan uwana manoma, a sa takalmi in za a shiga gona. Duk kumburin da ya ƙi sacewa, ko da ba ya ciwo, a kai shi asibiti.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Daura, Jihar Katsina.